Sayen Mota Ta Hannu: A Tambayi Fenti Kafin A Tambayi Dillali

A cikin daminar bara, ina kan zagayen duba waɗansu makarantun karkara, na sauka wurin wani hedimasta wanda muka yi karatu tare tun muna samari. Bayan mun gama abin da ya kawo ni, sai ya ce, “Malam, taso ka ga abin da ya same ni.” Ya ja ni bayan ofis, gindin wata darbejiya inda ya ke ajiye motarsa. Ƙaramar mota ce, ruwan azurfa, wadda na san bai cika shekara da saye ba, gama ni ma ina cikin waɗanda suka yi masa Allah ya sanya alheri ran da ya kawo ta.

Da na duba ƙofar baya ta hannun dama, sai na ga fentin ya tsattsage kamar laka a bakin tafki in rani ya yi nisa. Ya sa farce ya ɓamɓaro wani yanki ya miƙo mini. Kaurinsa ya yi na ƙuli-ƙuli, cikinsa fari-fari kamar alli, ƙarƙashinsa kuwa ƙarfe ne duk a lanƙwashe, tsatsa ta riga ta kama. Ya ce tayar bayan nan ma ba ta yin wata huɗu sai ta cinye ta gefe guda. Makaniki ya duba, ya gaya masa an taɓa yi wa motar mummunan karo a wannan gefe, ƙashinta ya goce, aka ja shi da sarƙa iyakar yadda ya jawu, aka cike sauran, aka fesa fenti. Kuɗin motar kuwa rance ne daga ƙungiyar taimakon juna ta malamai, ana cira daga albashinsa ko wane wata, kuma da sauran shekara biyu kafin ya gama biya.

Na tambaye shi yadda aka yi cinikin. Ya ce da la'asar sakaliya ne, an yi ɗan yayyafi, motar tana ta ƙyalli. Ya je da makaniki, makanikin ya saurari inji, ya duba mai, ya ce lafiya lau. Jikin motar kuwa ba wanda ya tsaya kansa, tun da dillali ya rantse cewa fes-bodi ce, watau fentin da ta fito da shi daga masana'anta ne a jikinta, ba a taɓa sāke shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Malamai da ƙananan ma'aikata da yawa su kan shekara da shekaru suna tari domin su sayi mota guda, kuma kusan dukansu ta hannu su ke saye, ko dai wadda aka yi amfani da ita a nan gida, ko wadda aka shigo da ita daga waje, wadda mutane ke kira tokumbo, ko Kwatano, ko Beljiyam, biyun nan na ƙarshe bisa sunan wuraren da aka saba ɗauko su ko sauke su. Kakanninmu in za su sayi doki ba su tsayawa kan sirdi da jalala, sai su buɗe bakinsa su duba haƙora, gama haƙori ba ya ɓoye shekaru. To, fenti shi ne haƙorin mota. Inji ana iya wanke shi, a zuba masa mai mai kauri ya yi shiru na kwana biyu. Agogon tafiya ana iya mai da shi baya. Amma mai sāke fenti, kome gwanintarsa, da wuya ya rasa barin sawu ga wanda ya san inda a ke dubawa.

Domin a gane dalilin wannan, sai an san yadda a ke fentin mota tun farko. A can masana'anta ana yi mata fenti ne tun tana ƙwarangwal, ba inji, ba kujeru, ba gilashi, ba waya ko ɗaya. A wanke ƙarfen da magunguna, sa'an nan a tsoma jikin ɗungum cikin wani ƙaton tanki na fentin kariya, a saki wutar lantarki ta manna shi a ko wane lungu, ciki da waje. Bayan wannan a yi shafen shimfiɗa, a yi na launi, kāna a rufe da wani shafe garai-garai marar launi, wanda shi ne ke ba da ƙyalli, shi ne kuma ke tare zafin rana. Ana gasa jikin a cikin tanderu mai zafin da ya kai digiri 140, shafen farko ma har ya fi haka. Duk shafen nan in aka haɗa su, kaurinsu bai wuce na takardar littafin rubutu guda ba, ko ya ɗara kaɗan.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na fari, motar da aka riga aka haɗa ba ta gasuwa da irin wannan zafi, gama roba da wayoyi za su narke. Ko manyan garejin da ke da ɗakin gashi, masu yin abin da a ke kira fentin oben, zafinsu wajen digiri 60 ne. Mafi yawan masu fentinmu kuwa a fili su ke aiki, gindin bishiya ko cikin rumfar kwano, iska na kaɗawa, ƙura na tashi. Na biyu, kuma shi ya fi amfani ga mai saye, a masana'anta fenti ne ke riga roba da gilashi da fitilu hawa jikin mota. Saboda haka duk abin da aka ɗaura bayan fenti bai kamata a ga ko ɗigon fenti a kansa ba. Abin da aka ɗaura kafin fenti kuwa, kamar kusoshin da ke riƙe da murfin inji, ya kamata a tarar fentin ya lulluɓe su bai karye ba. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ya riƙe rabin ilmin.

Kafin a fara dubawa sai a zaɓi lokaci. Kada a yarda a duba mota da almuru, ko da dare ƙarƙashin fitila, ko tana jiƙe. Ruwa ya kan cike ƙananan karce da ramuka ya sa tsohon fenti ya yi sheƙi kamar sabo, shi ya sa za ka ga yaran dillalai ba su rabuwa da bokiti da tsumma. A ce a wanke ta, a bari ta bushe sarai, a fito da ita fili da hantsi. A duba ta a rana, sa'an nan a mai da ita inuwa a sāke dubawa, domin akwai fentin da ya kan dace da na asali a wani haske, ya saɓa a wani. In mai mota ya ƙi a fitar da ita daga inda aka matse ta tsakanin motoci biyu, ko ya jingine gefe guda da bango ya ce mabuɗi ba ya kusa, to, wannan ma amsa ce.

Mu malamai mun san wata dabara. In yaro ya yi kuskure a littafinsa ya goge ya sāke rubutawa, in ka kalli shafin gaba da gaba ba ka ganin kome. Amma in ka ɗaga takardar ka karkata ta wajen taga, nan da nan sai wurin gugar ya bayyana, ya yi gashi-gashi, haskensa ya bambanta. Haka a ke yi wa mota. Kada ka tsaya tsaye a tsakiyarta kana kallon ƙofa. Je ka wajen fitilar gaba ka tsuguna, ka miƙa ido ya bi gefen motar har zuwa baya, kamar mai duba ko sanda ta miƙe. Ka lura da hoton abin da ke kusa, ko bango, ko turken lantarki, yadda ya ke fitowa a jikin fentin. A jikin da ba a taɓa ba, layin ya kan tafi santal daga wannan ƙofa zuwa waccan. Inda aka buga ƙarfe aka cike, sai ka ga layin ya yi rawa, ya karye, kamar hoton mutum a ruwan da aka jefa wa tsakuwa. Ka yi haka ta kusurwa huɗu duka.

Daga nan sai ka ja da baya kamar taki goma ka gwada launin ko wane ɓangare da na maƙwabcinsa. Fari da baƙi sun fi sauƙin dacewa. Ruwan azurfa, da ruwan zinariya, da farin nan mai walƙiya kamar lu'ulu'u su ne masu tona asiri, domin a cikinsu akwai ƙananan ɓarɓashi masu ƙyalli, kuma yadda ɓarɓashin ya kwanta ya danganta ga hannun mai feshi da ƙarfin iskar da ya yi aiki da ita. Ko da gwangwanin fentin daidai ne, ƙofar da aka fesa da hannu ta kan yi duhu ko haske fiye da 'yar'uwarta in an kalle ta a karkace. Sai dai a yi wa bamba uzuri. Ita roba ce, dabam a ke fentinta, kuma ko a sabuwar mota launinta ya kan ɗan saɓa da na ƙarfe.

Yanzu kuma sai a matso kusa, ido da hannu su yi aiki tare. Fentin masana'anta yana da ɗan gurji-gurji mai laushi kamar ɓawon lemo, amma iri ɗaya ne ko ina a jikin motar. In ƙofa guda ta fi sauran gurji, ko kuwa ta fi su santsi kamar madubi, an taɓa ta. Ka nemi ƙwayoyin ƙura da suka maƙale cikin fentin, waɗanda yatsa ke ji kamar yashi. Wanda aka yi wa fenti da hunturu ba ya rasa su. Ka nemi inda fentin ya yi yawa ya zubo ya daskare kamar hawaye, galibi a gindin ƙofa ko gefen mariƙinta. Ka nemi ƙananan layuka a ƙarƙashin ƙyallin, sawun takardar gurza ke nan da aka goge wurin da ita kafin feshi.

Amma inda na fi so mai saye ya ɓata lokacinsa shi ne gefuna da lunguna, gama a nan ne mai fenti ke gajiya. Aikin kirki shi ne a kwance fitila, a cire mariƙin ƙofa, a zare robar gilashi, kāna a fesa. Wannan yana cin lokaci, yana cin kuɗi, saboda haka sai a liƙa tsohuwar jarida da tef a rufe su kawai. Sa farce ka ɗaga leɓen robar da ta kewaye gilashi. In ka ga fenti ya hau kan robar, ko ka ga wani ɗan tudu inda sabon fenti ya tsaya tsohon ya ci gaba, shi ke nan. Buɗe ko wace ƙofa ka shafa bakinta daga ciki. Na masana'anta santsi ne har ciki. Wanda aka sāke ya kan yi kaushi kamar an watsa gari, ko ka ji kaifin layin da tef ya bari. Leƙa cikin ramin taya, da kan salansa, da gefen fitilu, da ramin makulli, da murfin tankin mai, ko feshi ya fantsama a kansu. Ɗan ƙaramin tocila yana da amfani a nan ko da rana tsaka.

Buɗe murfin inji ka dubi kusoshin da ke riƙe da shi, da jerin waɗanda ke riƙe da ɓangaren nan da ya rufe tayar gaba, wanda makanikai ke kira fenda. A yawancin motoci launinsu ɗaya da jikin mota. In sifana ta taɓa hawa kansu za ka ga fentin ya ɓare a kusurwoyin, ko ka ga zoben tsohon mazauninsu a gefe, alamar an kwance an mayar ba daidai wurin ba. Dubi kuma danƙon da a ke shafawa inda ƙarfe biyu suka haɗu, a gefen murfin inji, da cikin ƙofofi, da ƙasan but. Na masana'anta inji ne ke zuba shi, faɗinsa ɗaya, kuma na dama da na hagu tamkar tagwaye. Na gareji da yatsa ko buroshi a ke shafa shi, wani lokaci ma babu shi sam. Ɗaga shimfiɗar but ka fitar da tayar ajiya ka dubi ramin. Motar da aka daka daga baya a nan ta ke faɗin gaskiya, domin ba mai wahalar da kansa ya gyara wurin da ya ke zaton ba za a duba ba. A nan ne kuma a kan ga launin asali in an juya launin motar gaba ɗaya. In ka tarar da rawaya irin ta motocin haya na Ikko, ko kore irin na tasin Abuja, ka san irin wahalar da ta sha kafin ta zo hannunka, kome agogonta ya nuna.

Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, waɗanda su ne suka fi yawa cikin tokumbo a yanzu, suna da wata shaida kuma. Da yawa daga cikinsu, musamman Toyota da Honda, an manna musu 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da lambar shasi a kan manyan ɓangarorin jiki: ƙofofi, da murfin inji, da murfin but, da fenda. Dokar hana satar motoci ta can ce ta kawo wannan. Ana yin takardar yadda in an ɓamɓare ta sai ta yage. In ƙofa uku suna da ita, ta huɗu babu, ko an shafe ta da fenti, ko lambarta ta saɓa da ta sauran, to, ƙofar nan baƙuwa ce ko an taɓa ta. A bakin ƙofar direba kuma akwai takardar da ke faɗin lambar launin da motar ta fito da shi. A Toyota, alal misali, 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. In takarda ta ce 202, mota kuwa fara ce fat, ba sai an yi gardama ba. Haka kuma a tabbata launin da ke rubuce a takardun motar shi ne a jikinta, don kada a sha tambaya a hanya.

Sai maganar ƙullun nan da ya cuci abokina, wanda masu gyaran jikin mota ke kira fila. Ba haramtaccen abu ba ne. An yi shi ne domin a shafa siriri a daidaita ƙarfen da aka riga aka miƙe. Ɓarnar ita ce a mai da shi madadin miƙewar, a cusa shi cikin rami mai zurfin yatsa kamar mai yaɓen ɗaki. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, yana kuma girgiza a kan hanya. Fila mai kauri ba ya iya binsa, sai ya tsage. Da ya tsage ruwa ya sami hanya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana gane shi da maganaɗisu. A sami ƙarami marar ƙarfi ainun, a naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce motar mutane, a bi da shi gindin ƙofofi, da kewayen taya, da kusurwoyin baya. Inda ƙarfe ke kusa zai kama, inda fila ya yi kauri sai ya saki ko ya faɗi. Ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa ma tana taimako: ƙarfe yana amsawa da ƙara, fila kuwa sai ka ji dum, kamar an bugi bangon ƙasa.

Sai dai a yi hattara kada a zargi mutum a banza. Maganaɗisu ba ya kama roba, ba ya kama alminiyam. Tsohuwar Land Rover, tun fitowarta a 1948, jikinta na alminiyam ne, haka babbar a-kori-kurar nan Ford F-150 tun daga ƙirar 2015, kuma motoci da dama na zamani murfin injinsu kaɗai ne na alminiyam. In ɓangare ɗungum ya ƙi kamawa daga wannan gefe zuwa wancan, ƙirarsa ce. In kuwa ya kama nan ya saki can a ƙofa guda, fila ne.

Akwai kuma wani ɗan ma'auni mai batir, girmansa kamar wayar hannu, wanda a ke ɗorawa a jikin mota ya faɗi kaurin fenti da maikiron, watau kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Fentin masana'anta galibi tsakanin 80 ne da 180. Wurin da aka sāke fesawa ya kan ninka haka, inda fila ya ke kuwa ya kan haura 500, har ya wuce 1,000. Ba lambar kanta ce abin lura ba, bambancin ne. A fara da rufin motar, a riƙe abin da ya nuna, a gwada sauran jiki da shi. A ganina ƙungiyoyin malamai da ke ba da rancen mota, da sun sayi irin wannan ma'auni guda sun ajiye a ofis ana ara, da sun tsare wa 'yan ƙungiya dukiya mai yawa, gama kuɗinsa bai kai na tayoyin da abokina ya canja cikin shekara guda ba.

To, in an gano an sāke fenti, sai a fasa ciniki? A'a, ba ko yaushe ba. A nan ne ya kamata mutum ya yi hankali, kada ya zama mai gudun inuwarsa. Motar da ta shekara 10 ko 15 tana yawo, ta hau jirgin ruwa, ta sauka a tashar Ikko ko ta Kwatano, ta ratsa cunkoson Kano tsakanin 'yan adaidaita sahu, in an ce ba a taɓa shafa mata fenti ko a bamba ba, abin mamaki ne. Hasali ma motar da agogonta ya nuna tafiya mai nisa, amma goshinta ba ko tabon tsakuwa guda, ita ce abar tuhuma. Bamba da aka fesa, ko ƙofa guda da aka shafa saboda karce, ba su rage wa mota lafiya ba. Abin rage kuɗi ne kawai. Haka ɓarnar rana. Za ka ga rufi da murfin inji da na but sun yi fari-fari, shafen saman yana saɓulewa kamar fatar maciji. Muni ne a ido, kuma goge ba ya warkar da shi sai sabon fenti, amma ƙarfen da ke ƙasa lafiyayye ne. Ƙananan karce masu kewaye kamar saƙar gizo, waɗanda ke fitowa in an saba share ƙurar hunturu da busasshen tsumma, su kan fita da man goge. Gwajinsu da farce ne: in farce ya wuce bai maƙale ba, karcen a sama ya ke, in ya maƙale, ya ratsa. Ni dai da a ba ni mota mai sabon fenti wadda ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba, gara a ba ni mai kodadden fenti na asali. Wannan na ga iyakar aibinta.

Wuraren da ba a yi musu uzuri su ne rufi, da ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi da gefen gilashin gaba, da dokin ƙofa, da ƙarafan nan biyu da suka miƙe a cikin ɗakin inji dama da hagu. Waɗannan su ne ƙashin mota, su ke tsare ran wanda ke ciki ran da tsautsayi ya auku. In an sami fila ko sabuwar walda a ginshiƙi ko a rufi, mai yiwuwa ne motar ta taɓa wuntsilawa, ko kuwa an yanke rabin wata an haɗa da rabin wata. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka gasa shi da wuta aka miƙe ba ya komawa ƙarfinsa na da. Irin wannan ko an rage rabin kuɗi, a bar ta. In kuma alamun sun taru a gaba, fenda an taɓa, murfin inji baƙo, fitila guda sabuwa garau 'yar'uwarta ta yi rawaya, tazarar da ke tsakanin murfi da fenda ta fi faɗi a gefe guda, to, sai a tambayi lafiyar jakar iskar nan da ke fashewa ta tare direba. A murɗa makulli a ga fitilarta ta kama tare da sauran, ta ɗan jima, ta mutu ita kaɗai. In ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don kada ta yi tsegumi.

Tsatsa ma tana da nata hukunci. Ƙurajen da ke tasowa ƙarƙashin fenti, a gindin ƙofa ko kewayen taya ko gefen gilashi, daga ciki su ke fitowa, kuma abin da ido ya gani kaɗan ne daga abin da ke ɓoye. Mu nan Arewa iskarmu busasshiya ce, mota ta kan daɗe ba ta ruɓe ba. Amma wadda ta zauna bakin teku, Ikko ko Fatakwal, da wadda ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, inda a ke watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, sai an leƙa ƙarƙashinta. In an tarar an shafe cikin da baƙin fenti mai kauri sabo fil, a tambayi abin da a ke rufewa.

Ga motar Amurka akwai hanya guda kuma da ba ta bukatar tsuguno. Tun 1981 lambar shasi ta zama haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba wajen direba. Motoci da yawa da a ke kawo mana, kamfanonin inshora ne suka biya masu su bayan haɗari ko ambaliya, suka sayar da su gwanjo ta hannun kamfanoni irin su Copart da IAA, aka kawo su nan a fashe aka gyara. In aka rubuta lambar nan a intanet, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo su kan fito, ka gan ta yadda ta ke kafin mai fenti ya taɓa ta. Ana kuma sayen rahoton tarihinta daga irin su Carfax. Sai dai rahoton abin da aka rubuta a can kaɗai ya sani. Abin da ya same ta tsakanin Ikko da Zariya ba ya ciki.

Ba na cewa dillalai duka macuta ne. Akwai waɗanda tun ba ka tambaya ba za su ce, “Alhaji, wannan ƙofar an shafa ta, ga kuma hoton yadda ta zo.” Irin waɗannan su ne abokan ciniki. Malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da yin bayani, har a cikin Risala da a ke karantawa a zaurukanmu, cewa ɓoye aibin haja bai halatta ba, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar. Amma hakki dabam, tabbatar da shi dabam. Abokina ya koma wurin dillalin. Dillali ya ce shi ma haka aka kawo masa, mai motar ya yi tafiya, kuma wa ya san ko a hannun hedimasta ne aka buge ta cikin watannin nan? Takardar cinikin da suka rubuta ba ta ce kome game da jikin motar ba, sunanta da lambarta da kuɗinta kawai ke ciki. Rantsuwar fes-bodi kuwa a baki aka yi ta, makanikin da ya ji ta ma ya ce bai riƙe ba.

Saboda haka in mai sayarwa ya ce fentin asali ne, ko ya ce ba ta taɓa haɗari ba, a roƙe shi da ladabi a rubuta wannan magana cikin takardar ciniki, da sharaɗin mayarwa in ta bayyana ba haka ba ne, shaidu biyu su sa hannu. In akwai ɓangaren da ya amsa an taɓa, a ambace shi da sunansa. A kuma je da mai gyaran jikin mota, ba makanikin inji kaɗai ba, wanda kai ka ɗauko shi, kai za ka sallame shi, ba wanda ke zaune a bakin kasuwar yana jiran la'ada daga ɓangare biyu ba. Dukan dubawar nan ba ta wuce sa'a guda.

Da na sāke bi ta makarantar bayan hutu, na tarar hedimasta ya sa an kankare ƙofar an sāke cikewa, ya ce zai lallaɓa da ita zuwa ƙarshen rancen. Ya daina ɗaukar iyalinsa a cikinta in tafiyar ta babban titi ce.